Fahimtar Karatun Turanci da Jarrabawar Fita Sakandare a Ƙasar Gwarzo da Kabo

Fahimtar karatu ita ce mutum ya karanta rubutu, ya rufe littafin, ya iya faɗin abin da marubucin yake nufi da bakinsa. A kan wannan ake gwada duk ɗalibin da zai fita sakandare, ɗan Mainika ne, ko na Getso, ko Kutama, ko Lakwaya, ko na Garo da Gude ta wajen Kabo, kuma a nan ne da yawa suke tuntuɓe. Ba a samun gurbin digiri sai da kiredit biyar, Turanci a ciki. Yaro ya ci lissafi, ya ci kimiyyar noma, ya ci addini, Turanci ya riƙe masa ƙafa shekara biyu ko uku, alhali sabuwar harabar Jami'ar Bayero tana kan titin da motocin Gwarzo suke bi kullum.

Hukumomi uku ne suke wannan gwaji. WAEC ita ce babba a shekaru, an kafa ta a 1952. JAMB ta biyo baya a 1978. NECO mai hedikwata a Minna ta zo a 1999. A takarda ta biyu ta Turancin WAEC, wadda ake ba ta awa biyu, insha'i yana da maki 50, fahimtar karatu 20, taƙaitawa 30. Ke nan rabin makin takardar yana rataye a kan gane rubutun wani. Ana tambayar ɗalibi dalilin da ya sa wani abu ya faru a labarin, da ra'ayin marubucin ko da bai furta shi ba, da sunan wani yankin jimla a nahawu da aikin da yake yi, a kuma ba shi wasu kalmomi a ce ya kawo madadinsu daidai da yadda aka yi amfani da su a wurin. A taƙaitawa ana son ya fitar da jigon magana cikin jimloli kaɗan nasa na kansa. Manyan masu duba takardun WAEC sun sha kokawa a rahotanninsu kan yaran da suke kwaso jimla ɗungurungum daga cikin rubutun su ajiye a matsayin amsa, kuma ana rage maki a kan haka. JAMB kuwa tun 2015 ta koma kwamfuta gaba ɗaya: tambayoyi 180 cikin awa biyu, 60 daga ciki Turanci ne. In aka raba, kowace tambaya daƙiƙa 40 take da ita, har da lokacin karanta rubutun.

Tushen raunin ya girmi yaran da ake zaga a yau. Waɗanda suka ga 1976, shekarar da aka buɗe shirin UPE na ilimin firamare kyauta, ba sai an ba su labari ba: makarantu suka yawaita a ƙauyuka lokaci guda, aka ɗebo malamai da gajeren horo aka danƙa musu ajujuwa cike maƙil. Darasin karatu ya zauna a siga ɗaya. Malam ya karanta jimla, aji ya amsa da murya ɗaya, a maimaita har sai bango ya ɗauka. Yaron da harshensa ya fi santsi shi ne gwani, shi ake miƙarwa in baƙo ya zo. Tsofaffin malaman yankin suna da labarin da suke yawan maimaitawa, na wani yaro ɗan aji shida da aka tsayar gaban mai duba makarantu. Ya karanta shafi guda bai yi gargada ko sau ɗaya ba, yana tsayawa a kowace aya, hedimasta yana ta gyaɗa kai. Sai baƙon ya rufe littafin, ya tambaye shi da Hausa: “To, yaro, wa ya sace akuyar?” Yaron ya dubi malaminsa, ya dubi ƙasa. Bai san akwai akuya a labarin ba. Babban kuskuren wancan zamani ke nan, an ɗauki daɗin murya a matsayin ganewa, kuma waɗanda aka koyar a haka su ne suka zama malaman malaman yau.

Abin takaici, hanyar da ta dace tana nan cikin gari, a zauren malam, boko ya wuce ta bai waiwaya ba. Almajirin da ya sauke ya shiga littattafai, Ahalari ko Ishmawi ko Iziyya ko Risala, ba ya wuce layi sai an warware masa shi. Ya karanta gaɓar Larabci, malam ya ba shi ma'anarta da Hausa, ya nuna masa inda lamiri ya koma, da abin da ya sa hukuncin ya zo haka. Gobe kafin a ƙara masa, sai ya maido na jiya. Larabci ma baƙon harshe ne ga Bahaushe, amma wannan hanya ta fitar da mutanen da suke buɗe littafin da ba su taɓa gani ba su fahimce shi. A makarantar boko kuwa sai aka mai da Hausa laifi, monita yana rubuta sunan duk wanda ya yi ta, a ci shi tara ko a zane shi. Akwai dattawan da har gobe suke rantsuwa cewa wannan doka ce ta buɗe musu baki, kuma ba ƙarya suke yi ba. A makarantun kwana ta yi aiki, kuma ajin da ba a jin Turanci a cikinsa sam ba ya haifar da mai Turanci. Sai dai in aka bincika, waɗannan dattawa sun tarar da ɗakin karatu mai littattafai. Sun yi ta karɓa-karɓar ƙananan labaran Pacesetters na kamfanin Macmillan, irin su The Undesirable Element na Mohammed Sule wanda ya fito a 1977, suna karanta jaridar New Nigerian ko da ta kwana uku. Littafin ne ya koya musu, bulalar ta tafi da yabon.

Gwamnati ma ba ta tsaya wuri ɗaya ba. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a koyar da harshen gida a farkon shekarun firamare. A 2022 aka ce har aji shida, a Nuwamba 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke tsarin, a koma Turanci. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970 ya riga ya nuna cewa yaran da aka koyar da Yarbanci shekara shida, aka kuma ba su Turanci a matsayin darasi a hannun ƙwararren malami, ba su gaza takwarorinsu a Turancin ba. Sharaɗin shi ne ƙwararren malami da littafi. Sanarwa daga Abuja, ta kafawa ko ta sokewa, ba ta sa littafi a hannun ɗan aji huɗu a Mainika.

Ba Bahaushe kaɗai ke wannan fama ba. A ƙasar Sin ɗaliban jami'a suna rubuta jarrabawar Turanci mai suna CET, mataki na huɗu da aka fara a 1987 da na shida da ya biyo a 1989, sau biyu a shekara, Yuni da Disamba. Jimillar maki 710 ne, karatu yana da kashi 35 cikin ɗari, kuma 425 ake ɗauka a matsayin tsallakewa. Cikin minti 40 na sashen karatu, ɗalibi zai cike gurabe goma daga kalmomi goma sha biyar, ya bi dogon rubutu da sauri ya gano sakin layin da kowace magana ta fito, sannan ya karanta gajerun rubutu biyu a tsanake. An raba karatun sauri da na natsuwa, kowanne da horonsa, abin da ba kasafai ake koya wa yaranmu ba. Ɗaliban Sin sun yi suna wajen haddar kalmomi da sassafe, su ma kuma malamansu suna kukan masu cin jarrabawa da ba sa iya magana. Duk da abin da aka faɗa a kan hadda, a nan dole a ba ta haƙƙinta. Paul Nation na Jami'ar Victoria da ke Wellington ya nuna cewa mai karatu yana bukatar sanin kusan kashi 98 cikin ɗari na kalmomin rubutu kafin ya fahimce shi ba tare da taimako ba, wato baƙin kalmomi biyu kacal cikin ɗari. Yaron da kalma ɗaya cikin biyar take masa duhu, babu dabarar da za ta cece shi. Sai ya tara kalmomi, kuma tarawa ba ta yiwuwa sai da maimaici.

Wautar wannan zamani ta fi ta da muni, don ta da jahilci ne, ta yanzu ganganci. JAMB takan sa littafin labari guda a karanta, musamman don yara su yi karatu. An yi The Life Changer na Khadija Abubakar Jalli, wanda labarinsa ya shafi rayuwar ɗalibai a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, daga 2025 aka koma The Lekki Headmaster na Kabir Alabi Garba. Yara kuwa sai su nemi taƙaitaccen bayaninsa a WhatsApp, su haddace sunayen taurari. Iyaye su sayar da buhunan masara su biya kuɗin darasin yamma na wata biyu, inda ba a yin komai sai bitar tambayoyin shekarun baya da haddace harafin amsa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mafi muni su ne iyayen da suke kai ɗa cibiyar da aka san ana rubuta amsa a allo, su biya, su dawo suna godiya ga Allah. Yaron ya fito da kiredit a takarda, ya zauna gaban kwamfutar JAMB inda babu mai raɗa masa, ya fito da makin da ba ya kai shi ko'ina. In ma ya kutsa jami'a ko kwalejin kimiyya da fasaha, littattafan can duk da Turanci suke, akuyar nan dai ita zai sake nema.

Horon da yake aiki ba shi da tsada, yana dai cin lokaci, kuma daga ajin farko na babbar sakandare ya kamata a fara shi, tun kafin jarrabawar tantancewa da jihar Kano take yi wa 'yan aji biyu. Ɗalibi ya karanta sakin layi guda a zuci, ba da murya ba, ya rufe, ya faɗi abin da ya gane da Hausa ga wani, sannan ya rubuta shi cikin jimla ɗaya ta Turanci. In Hausar ta gagara, bai karanta ba, ya koma. Ya lura da ƙananan kalmomin da suke juya magana, takwarorin “amma” da “duk da haka” da “saboda haka” da “sai dai”, domin ra'ayin marubuci yakan zo ne bayansu, kuma masu tsara tambaya sun san yaro mai gaggawa zai cafki abin da ya zo kafinsu. Duk lamirin da ya gamu da shi ya tambayi kansa ga wa ya koma. Baƙuwar kalma kada ya ruga ƙamus tukuna, ya fara cankar ma'anarta daga maƙwabtanta, ya duba daga baya, ya rubuta ta a ɗan littafinsa tare da jimlar da ta zo a ciki, domin kalma ɗaya takan sauya ma'ana daga wuri zuwa wuri, kuma haka WAEC take tambayarta.

'Yan mata da yawa suna da wani jari da ba a lissafa musu. Wadda ta saba cinye littafin Hausa na Balaraba Ramat Yakubu ko na marubutan intanet cikin kwana biyu ta riga ta iya zama da dogon rubutu, ta iya bin zaren labari, ta iya gane abin da ba a faɗa ba. Kalmomin Turanci kawai suka rage mata. Malamin da yake ƙwace irin waɗannan littattafai ya yaga, da ya musanya mata da na Turanci mai sauƙi daidai ƙarfinta.

A ɗakin jarrabawa tsarin ya bambanta da na gida. A WAEC da NECO ana so ɗalibi ya karanta rubutun sau ɗaya da sauri don ya san inda aka dosa, ya duba tambayoyin, ya sake karantawa a tsanake yana ja wa wuraren amsa layi da fensir, sannan ya amsa da kalmominsa cikin cikakkun jimloli. A JAMB lokaci ba ya ba da damar karatu uku, don haka ana fara duba tambayoyin kafin rubutun, a tsallake wadda ta cije a dawo mata. Wanda bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba ya nemi inda zai gwada tun da sauran watanni, ya kuma yi rajistar jarrabawar gwaji da JAMB take shiryawa kafin ta ainihi.