Yini Guda a Kan Tuddan Gwandu da Kalgo

Akwai wasu 'yan kwanaki a ƙarshen watan Fabrairu da ƙasar Kabi kan samu sararawa. Hunturu ya fara tattara nasa ya nasa, sanyin asuba ya daina tsaga leɓe, zafin bazara kuma bai riga ya sauko ba. A irin wannan rana ce, wata Asabar, na bar takardun jarrabawar ɗalibai a kan tebur na kama hanyar Gwandu. Ba ɗaurin aure ya kai ni ba, ba kuma ta'aziyya ba. Tudu na je hawa.

Na san mai karatu zai yi murmushi. Dattijon da na tarar yana ban ruwa a lambun albasa a gindin tudun ma dariya ya yi. Ya ce, "Malam, mi kaka biɗa bisa dutsi? Akuya ta ɓace maka?" Na ce, "Baba, kallo kawai zan yi." Ya girgiza kai, ya haɗa ni da wani jikansa. Ya ce a wannan zamani baƙo ba ya hawa tudu shi kaɗai, kada a ɗauke shi mai leƙen asiri. Gaskiyarsa.

A ƙasar Sikotlan na koyo wannan ɗabi'a, lokacin da nake karatun digiri na uku. Mutanen can sun ɗauki hawan tsauni da muhimmanci. Tun a 1891 wani mai suna Hugh Munro ya jera sunayen tsaunukan ƙasar da suka haura mita 914. A yau 282 ne a lissafin, kuma akwai masu shafe shekaru suna bin su ɗaya bayan ɗaya. Mafi tsawonsu, Ben Nevis, mita 1,345 ne. Tuddanmu ba su kama ƙafar waɗannan ba, a cikin rabin sa'a muka kai sama. Sai dai abin da na hango daga can ya fi kusa da zuciyata.

Saman tudun a shimfiɗe yake kamar faifai, an lulluɓe shi da baƙar marmara mai nauyi, sai sabara da geza nan da can. Hazo ya yi sauƙi a ranar, iska na kaɗawa a hankali. Ga garin Gwandu kwance a cikin kwari, tuddai sun yi masa zobe, koren lambuna ya ratsa shi alhali ko'ina ya bushe ƙayau. Shekaru na yi ina karanta tarihin jihadi, amma sai da na tsaya a wurin na gane abin da littafi bai iya nuna mini ba: dalilin da ya sa jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo suka yada zango a nan a 1805. Mutanen da suka sha yunwa da gudun hijira ruwa suke nema da mafaka, wannan kwari kuwa ya haɗa duka biyun. Bayan mummunar asarar da suka yi a yaƙin Alwasa a ƙarshen shekarar, abokan gaba sun biyo su har Gwandu, kuma a nan aka mayar da su baya. A shekarar da ta biyo Muhammadu Bello ya kewaye garin da ganuwa. Daga inda nake tsaye, mai gadi ɗaya ya isa ya hango ƙurar dawaki tun ba su kusato ba.

Yaron ya nuna mini wajen hubbaren Malam Abdullahi, ƙanen Shehu, wanda ya rasu a 1829. Na tuna cewa a 1853 matafiyin nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, da aka sani da Abdulkarim, ya sauka a garin a zamanin Sarki Halilu. A nan ya samu kwafin littafin Tarihus Sudan, ya zauna yana kwafar abin da ya iya. Ya kuma yabi albasar garin, irin wadda dattijon nan yake shayarwa. Na tambayi yaron ko an taɓa kawo su nan daga makaranta. Ya ce a'a, kiwo kaɗai ke kawo shi.

Bayan azahar na bi ta Birnin Kebbi na nufi Kalgo, domin tuddan can 'yan uwan na Gwandu ne. Masana kimiyyar ƙasa ma sunan Gwandu suka raɗa wa wannan shimfiɗar yashi da yumɓu da ta mamaye yankin. Yadda suke bayani, a da can duk ƙasar tudu ɗaya ce. Ruwa ya yi ta zaizayar ta tsawon miliyoyin shekaru, ya bar wuraren da marmara mai sinadarin ƙarfe ta rufe kamar hula. Wato hular ce ke riƙe da tudun. Abin da ke ƙarƙashinta mai taushi ne, yatsa ma na iya marmasa shi.

Shi ya sa abin da na gani a gefen wani tudu kusa da hanya ya tayar mini da hankali. An yanke shi kamar yadda ake yanka tuwo, cikinsa ja da fari a buɗe, manyan motoci na ɗibar jar ƙasa. Ba na zargin direban da na gaisa da shi, abincinsa yake nema. Gari kuma na bunƙasa, musamman tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a 2013 a kan hanyar Kalgo zuwa Bunza. Dole a yi gini, dole a yi hanya. Amma wa ke yanke shawarar tudun da za a taɓa da wanda za a bari? Tudun da aka cire wa hula, damina kaɗan ta ishe shi, yashinsa kuma gonaki da fadamar da ke ƙasa zai gangara. A ganina ya kamata masarautar Gwandu da ƙananan hukumomin biyu su zauna da malaman jami'a, a fara da abu mai sauƙi: a rubuta sunan kowane tudu daga bakin dattawa, a ware waɗanda tarihi ya rataya a kansu, a kai ɗalibai su hau.

Na hau wanda ba a taɓa ba, na zauna har la'asar sakaliya. Can yamma fadamar gulbi ta yi kore shar da shinkafar rani, ƙarar injinan ban ruwa na tasowa sama-sama, garken shanu na gangarowa. Na tsinci wani ɗan dutse baƙi, ya fi girmansa nauyi, na sa a aljihu. Da na sauko bakin hanya wata mota ta wuce da lodinta, ta bar mini jar ƙura a farar rigata. Ana kiran sallar magariba na shiga Kalgo.