Ina Wane Yake Yanzu?

Duk inda tsofaffin ɗaliban Kwalejin Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara suka haɗu, a ɗaurin aure ko zaman makoki, da an gama gaisawa sai ka ji "ina wane?" Wani na aikin gwamnati a Gusau, wani ya koma noman shinkafa a gonakin Bakolori, wani kuwa sai dai Allah ya jiƙansa. Wasu na ganin alfahari ne kawai, tunda mai mota ya fi kowa baki. Da gaskiyarsu, amma kaɗan. Sunan da aka fi daɗewa a kansa shi ne na ɗan Faru ko Maradun da rashin tsaro ya kora zuwa Sakkwato, ana ta cigiyar mai lambar wayarsa.