Maƙwabtanmu masu fiffike a Matameye

A Matameye ta da, ba a jiran rediyo ya ce damina ta ƙarato. Shamuwa ce mai shela. Wajen Afrilu zuwa Mayu, zafi ya kai intaha, sai a wayi gari ga ta bisa tsamiyar tsakar gida tana jan kirare, tana gyaran sheƙar bara. Daga kudancin Afirka take tasowa, ta tsallako ƙasashe ta sauka gidan da ta sani. Nan maigida zai duba irin hatsinsa, ya kai hauya maƙera. Yaron da ya kuskura ya auna ta da danƙo kuwa, tsohuwar gida ce za ta fara kama kunnensa: "Kai, ɗan nan, ba a jifar baƙuwa!" Kashinta ya ɓata tabarma, ya ɓata shanya, a yi ƙunƙuni a share, tunda ita ke bin gona tana tsince fara da tsutsa.

Da kaka Fulani su sauko da shanu gonakin Kance, su yada zango ƙarƙashin gawo, itacen da ake cewa Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya hana sara. Balbela na biye da kofato tana cafke ƙwari, carki na bisa tozo yana cire kaska, sa ya lumshe ido ya miƙa masa kunne.

Wadda na fi kewa, ko da za a yi mini dariya, ita ce ungulu. Ranar Juma'a, kasuwa ta cika, sai ka gan su jere a katangar mahauta kamar dattawa a wurin rabon gado. Ba sa tsoron kowa. Mahauci ya jefa guntun hanji, su diro suna ɗingishi tsakanin ƙafafun mutane, kafin la'asar wuri ya yi fes. An raina ta, an kira ta ƙazama, amma ba mai kashe ta.

Shamuwa tana zuwa har gobe. Ungulu ce ta yi wuyar gani: guba da ake sa wa mushe ta ci wasu, masu sayen kanta don tsubbu suka kwashe wasu zuwa kasuwannin Najeriya, har a 2015 aka sa irin tamu ta cikin gari a jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. Karnuka suka gaji aikin, su kuwa sai su ci rabi su ja sauran ƙofar gidan mutane.