Keken Ƙanƙara da Hawayen Uba

A Kanada, idan hunturu ya kama, mutane kan hau keken ƙanƙara mai inji, su yi ta tsere a kan tsaunuka. Amma asalin wannan wasa baƙin ciki ne. A 1934 ɗan Joseph-Armand Bombardier ya rasu a Valcourt, domin dusar ƙanƙara ta toshe hanyar asibiti. Hausawan Jazira da na bakin Shuɗin Nilu a Sudan sun san wannan wahala, gama da damina laka kan tsare marar lafiya a ƙauye. Uban ya dage, ya fito da motar ƙanƙara a 1937, da ƙaramin Ski-Doo a 1959. Ya kai guda ga wani mai bishara a arewacin Ontario. Haka Allah ya mai da hawayensa hanya ga waɗansu.