Shuɗi Ko Ruwan Madara: Bangayen Abule Egba

Wanda ya bi hanyar Ikko zuwa Abeokuta, ya hau gadar Jubilee da aka buɗe a Abule Egba cikin 2017, zai hangi fenti iri biyu suna gasa: shuɗi mai duhu, kamar daga marinar Ƙofar Mata aka tsamo shi, da kuma ruwan madara.

Masu shuɗi suna da hujja. Damina a nan doguwa ce, danshi yakan jawo gansakuka, hayaƙin motocin danfo ya bi ya turare bango. Shuɗi yakan rufa wa mai gida asiri.

Amma fa sau da yawa ba mai gida ke kwana a ɗakin ba. Ɗan haya ne, wataƙila mai goro a Agege, ko mahauci a mayankar Oko-Oba. Bango mai duhu yini yake yana shan rana, da dare ya amayar da zafin cikin ɗaki, ga lantarki ba tabbas. Ruwan madara kuwa korar zafin yake yi. Aibinsa dai saurin dauɗa, kafin damina biyu ya yi dabbare-dabbare.

Ni in zan kama haya, mai dabbaren zan nema.