Gigin tsufa: abin da magani ke iyawa da abin da ya rage wa iyali

A gidajenmu idan tsoho ya fara mance sunan jikokinsa, ko ya fita sallar asuba ya kasa gane hanyar gida, mukan ce gigin tsufa ne, wasu kuma su ce sammu ne ko taɓin aljanu. Sau da yawa cuta ce ta ƙwaƙwalwa, wadda likitan Jamus Alois Alzheimer ya fara bayyanawa a 1906, kuma ita ce ke haddasa kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na irin wannan mantuwa.

Har yanzu ba a samu maganin da ke warkar da ita ba, amma akwai masu sassauta alamunta. Donepezil da rivastigmine da galantamine suna ƙarfafa sinadarin da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke isar wa juna saƙo da shi, memantine kuwa ana ba da shi idan ciwon ya yi nisa. Amfaninsu ɗan kaɗan ne, kuma na farkon uku kan jawo tashin zuciya da zawo da raguwar bugun zuciya. Saboda haka ne Faransa ta daina biya wa marasa lafiya kuɗinsu tun 2018, ko da yake likitoci da dama ba su yarda da matakin ba. Sabbin magunguna biyu, lecanemab da donanemab, waɗanda Amurka ta amince da su a 2023 da 2024, suna rage saurin ciwon ne kawai a farkonsa. Ta allura ake ba da su, suna da tsada ƙwarai, kuma sai ana ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa a kai a kai don gudun kumburi da zubar jini.

Duk da haka mu fara da zuwa asibiti, domin ƙarancin bitamin B12 da ciwon fitsari da baƙin ciki mai tsanani suna iya rikita tsoho, kuma dukansu suna jin magani. Mu kuma guji sayo masa ƙwayar barci ko ta kwantar da hankali ba da izinin likita ba. Wasu suna sa tsoho faɗuwa, wasu suna ƙara haɗarin shanyewar jiki.

Mu da muka yi jinyar kakarmu, mun ga cewa mafi yawan sauƙin daga gida yake zuwa. Ba mu sauya mata ɗaki ko lokacin cin abinci ba. Mukan kunna fitila kafin magariba, don da faɗuwar rana ruɗewarta ke ƙaruwa. Idan ta nemi mahaifiyarta da ta rasu tuntuni, ba ma yi mata gardama, sai mu ce: «Iya, ba mu labarinta.» Ta mance sunayenmu, amma surorin da ta haddace tana ƙarama suna nan a bakinta, kuma karanta su tare da ita na kwantar mata da hankali. Ranar da ta rikita raka'o'i ba mu tsawata mata ba, tunda malamai sun haɗu a kan cewa wanda hankalinsa ya gushe ba a kama shi da laifi.

Jinyar kan ɗauki shekaru, kuma a kan mace ɗaya take yawan faɗawa, ɗiya ko suruka. Ya kamata ƴan'uwa su raba kwana da kuɗin magani tsakaninsu, maza da mata, tun kafin ita ma ta kwanta. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya saka wa masu jinya da alheri.