Laifin Shafina Ne, Ba Na Ɗalibai Ba



A daminar 2022, da Kogin Haɗeja ya yi ambaliya ya shafe gonaki da hanyoyi, karatu ya tsaya cak a Islamiyyarmu ta Baturiya. Sai na riƙa ɗora darussan fiƙihu a shafina, domin ɗaliban da ruwa ya tarwatsa su bi ta waya. Da muka dawo, na tarar kaɗan ne suka karanta, na yi musu faɗa sosai, na kira su malalata.

Bayan an tashi, wata ɗaliba ta miƙo mini tsohuwar wayar yayanta, ta ce, "Malam, a gafarce ni, ku gwada da kanku." Na buɗe, sai ga rubutu ƙanana kamar tururuwa. Na taɓa sunan darasi, shiru. Na sake taɓawa da sauri, shafin ya kumbura, darasin bai buɗe ba. Kunya ta rufe ni.

Daga baya na fahimci dalili. Da wayar iPhone ta fito a 2007, shafukan intanet an gina su ne don faffaɗan allon kwamfuta, don haka aka sa taɓawa biyu a jere ta zama hanyar ƙara girman rubutu. Saboda wannan, duk sanda ka taɓa, manhajar buɗe shafi takan jira kimanin milisakan 300, kusan sulusin sakan, ta ga ko za ka ƙara. Chrome ta cire wannan jira a 2014, Safari a 2016, amma ga shafukan da suka bayyana cewa faɗinsu daidai yake da allon waya. Nawa kuwa tsohon tsari ne, bai bayyana ba, ga kuma raunin sabis ya ƙara masa nauyi.

Layi ɗaya na ƙara a kan shafin, na girmama rubutu, na rage hotuna, na raba maɓallai yadda yatsa ba zai kuskure ba. Sannan na tsaya gaban aji na nemi afuwarsu.

Shekaru ina karantar da cewa addininmu ya yi umarni da sauƙaƙa wa mutane, ashe ni na tsananta wa yaran da ke karatu a gidajen aro. Ya ɗan uwa mai shafi, kafin ka zargi masu karatu, ari waya mafi rauni a unguwarku ka buɗe shafinka da ita.

Allah Ya yafe mana kurakuranmu. Wassalam.